Ɗan Fari a Bayan Katanga

Ɗana na fari bai taɓa ce mini Inna ba. Yaya yake kirana, yadda ya taso ya ji ƙannena suna faɗa, ni kuma ban taɓa kama sunansa ba. Haka abin yake a gidajenmu na Hausawan unguwar Marjandafak tun da kakanninmu suka sauke kaya a Injamena zamanin Nasara. Ɗan fari kai ka haife shi, amma ba naka ba ne. Ba ka faɗin sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, ba ka nuna ka san yana duniya. Alkunya ke nan. Ranar da aka yaye shi uwar mijina ta goya shi ta tsallaka tsakar gida zuwa ɗakinta, ita ta zama Innarsa. In ya faɗi a gabana ya fasa gwiwa, sai in kau da kai in ci gaba da tankaɗe, har wata ta zo ta ɗaga shi. Tsofaffi suna ta yabona, wai yarinyar nan ta san kunya, ba irin 'yan yanzu ba masu lasar ɗa kamar akuya. Yabon yana yi mini daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

In ina son aikensa sai in ce "kai", ko in tafa hannu, ko in ce wa ƙanwarsa ta turo mini yayanta. Da ya girma sai ya mayar da abin tsokana. Ya zo ya tsaya a bakin madafa ya ce, "Yaya, an ce kowa ya tambayo uwarsa sunansa, ni na manta nawa." In ɗaga muciya, ya ruga yana dariya. Dariyar ba ta nisa, domin yana da asma tun yana ƙarami, in ya ƙyalƙyale da yawa sai ƙirjin ya fara kuka. Lokacin da kakarsa take raye ita ke riƙe shi in ciwon ya tashi, ni ina bayan labule ina sauraren numfashinsa. Bayan rasuwarta aikin ya dawo kaina ba tare da kowa ya faɗa ba. Ni ke zuwa farmasi in sayo ɗan bututun nan da ake fesawa a baki, wanda muke ce wa famfo, in zura masa a aljihun wando in ina ninke wanki. Shi kuwa mantuwa ce da shi kamar me. Zai tuna abin da wani shugaba ya faɗa tun kafin a haife shi, amma ba zai tuna abin da ke riƙe masa numfashi ba.

Mahaifinsa, Alhaji, kwaɗo da ƙusa da fenti yake sayarwa a Babbar Kasuwa, a shagon da ya gada. Mutum ne mai tsoron Allah da tsoron hukuma, wani lokaci ban san wanne ya fi yawa ba. Ba shi kaɗai ba ne, duk haka aka rene mu. Bahaushe a garin nan ya buɗe shagonsa, ya yi sallarsa, ya gaida duk wanda ke kan kujera, in an fara harbi ya rufe ƙofa, in an daina ya buɗe. A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana, Larabcin garin nan ya fi zama a bakina fiye da na wasu masu kaki, amma duk ranar da rigima ta tashi ba a rasa wanda zai ce mu koma inda muka fito. Ni ko Kano ban taɓa gani ba. Saboda haka muka koyi tafiya a gefen hanya, kai a ƙasa.

Yaron nan ya ƙi gefen hanya. Ya karanta shari'a a jami'a, ya gama, takardar ta kwanta a akwati, ya koma zaman shago yana auna wa mutane ƙusa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana kan waya. Sai ya fara kawo abokai gida, yaran da ba mu saba gani a zaurenmu ba, 'yan kudu Kiristoci, da Larabawa, da wasu da ban san yarensu ba. Suna cin tuwona suna gardama da Faransanci har miya ta huce. Akwai wani dogo ɗan ƙabilar Kabalai da ya fi kowa zuwa, Mama yake ce mini, kuma shi kaɗai ke wanke kwanon da ya ci. Abin da na tsinta a maganarsu ba shi da wuyar ganewa. Suna so soja ya koma bariki, a yi zaɓe, a ƙirga abin da mutane suka jefa, wanda ya faɗi ya sauka. Na ce a raina wannan ai ko ni mai tuƙa tuwo na yarda da shi, sai dai ban ga wanda zai ba su ba.

Wata rana bayan la'asar Alhaji ya tsinci usur a aljihun rigar yaron, irin wanda suke hurawa da safe shi da mutanensa don a san ba su yarda ba. Ya kira shi tsakar gida, ina zaune ina yanka kuɓewa.

"Kai, mu ba a san mu da wannan ba," in ji Alhaji. "Kakanka ya ga Nasara, ya ga waɗanda suka biyo baya, ya ga yaƙi a kan titin nan, shagonsa bai ƙone ba. Ka san dalili? Bai taɓa buɗe baki ba."

"Baba, shi ya sa har yau ake ce mana baƙi. Wanda bai taɓa cewa komai a kan gida ba, dole a ɗauka ba gidansu ba ne."

"Shagon fa? Wa zai riƙe shi in sun ɗauke ka?"

"Shago ake gada, Baba. Ƙasa ba a gadonta. Abin da muke faɗa ke nan kawai."

Alhaji ya juyo ya ce in yi masa magana. Ni da ban taɓa yi masa doguwar magana a gaban ubansa ba, me zan ce? Na sunkuyar da kai na ci gaba da kuɓewata. Washegari da sassafe gari ya ɗauki ƙarar usur da bugun tukwane, na fito na tarar da shi a kan katangarmu da marfin babbar tukunyata, yana dukansa da ludayin ƙarfe. Ranar na wanke shi tas. Na ce marfin nan tun na aurena ne ya lotsa mini, ba shi da aikin yi sai ɓarna, in bugu yake so ya je ya nemi ganga. Duk abin da ke bakina marfi ne, abin da ke cikina kuwa tsoro ne kada su kashe mini shi. Ya tsaya yana kallona yana murmushi, ya ce, "Yaya, zan saya miki sabo in an yi zaɓe." Ina jin ya gane abin da nake nufi, ban dai tabbata ba.

Ranar da suka fita babbar zanga-zangar, ya yi sallar asuba, ya sha shayi a tsaye, ya fice. Ina ɗauke kofin na ga famfon a kan tabarma kusa da buta. Na ɗauka na bi shi ko mayafi babu, na leƙa daga zaure, yana can ya kusa shan kwanar lungu shi da dogon abokinsa. Na tafa hannu. Na ce "kai". A lungun da ke cike da samari kowa "kai" ne, wasu suka waiwayo, shi bai waiwayo ba. Maƙwabcinmu yana zaune a ƙofar gidansa da carbi yana kallona, sai na ja jikina na koma ciki da abin a hannu. Na ce ai zai dawo cin abincin rana.

Kafin hantsi harbi ya fara. Mun saba da harbi a garin nan, muna bambanta na sama da na jiki, wannan ba na sama ba ne. Barkonon tsohuwa ya biyo iska har tsakar gidanmu, yara suna tari, ni kuwa ina tunanin abin da hayaƙin nan zai yi wa ƙirjin da ko ƙurar shara ba ya so. Wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga gaba ɗaya. Rana ta faɗi bai dawo ba, gari ya waye bai dawo ba.

Alhaji ya tafi wajen manyan 'yan kasuwarmu, suka yi abin da suka iya, wato suka ce a yi shiru. Wai akwai wanda ya san wani da ke cin abinci da wani kanar, za a bi ta ƙarƙashin ƙasa a tambaya. Kada a je ofishin kowa, kada a faɗi sunan gidan a ko'ina, kada mata su fita suna kuka a titi, don in aka ji ɗan Hausawa yana ciki, kasuwa gaba ɗaya abin zai shafa. Mata suka cika gidan. Ƙanwar Alhaji ta zauna a tsakiya tana rusa kuka tana kiran sunansa, domin ita goggo ce, ita al'ada ta ba izini. Ni uwarsa ina zagayawa da butar shayi ina tambayar wa bai samu sukari ba. Da wata tsohuwa ta ce, "Ku dubi dauriya, ko gezau," saura kaɗan in juye mata ruwan zafin a cinya.

Wadda ta nuna mini hanya ba 'yar unguwarmu ba ce. Wata mata ce 'yar kudu da ke kawo mana kifin kogin Shari a kwano tun yarana suna ƙanana. Ta zo ba kifi, ta ja ni bayan ɗaki, ta ce mini da Larabci an tara yara da yawa a wani babban gida mai doguwar katanga a hanyar fita gari, ɗan ƙanwarta yana ciki. Ba a barin kowa ya shiga, ba a faɗin wanda ke ciki. Amma da tsakar rana ana fito da su fili, sai iyaye mata su tsaya a bayan katangar su yi ta kiran suna. In naka ya amsa, mai tsaron ƙaramar ƙofa yana karɓar ƙunshi ya miƙa masa. In bai amsa ba, ba ya karɓa, sai ya ce ba ya nan. Ta ce gobe za ta je, in ina so in biyo ta.

Na ce wa mutanen gida farmasi zan je. Na naɗe kisar, wainar nan tamu mai faɗi, da soyayyen nama a leda, na ƙulle famfon a bakin lafayata, muka shiga motar haya daga bayan kasuwa. Duk hanyar hannuna yana kan ƙullin nan. Abinci bai dame ni ba, mutum yana iya kwana da yunwa. Ina dai so abin nan ya shiga hannunsa kafin ƙirjin ya rufe.

Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba, kuma ba na yi wa maƙiyina fatan ya gani. Katanga ce doguwa da fasassun kwalabe a samanta, babu inuwa ko kaɗan, mata sun jeru a gindinta sun ɗaga kai sama kamar masu duban wata. Kowace tana kiran nata. Sunayen coci, sunayen Larabawa, sunayen mutanen arewa, duk a cakuɗe. Can sai a ji wata 'yar murya ta amsa daga ciki, matar ta zube ƙasa tana godiya, sauran su matsa mata ta wuce ƙofa da ƙunshinta. Wani lokaci bayan amsawar sai a ji ƙarar duka. Mai kifi ta kira ɗan ƙanwarta, bai daɗe ba ya amsa. Ta kai ƙunshinta ta dawo ta same ni inda ta bar ni, baki a rufe.

"'Yar'uwa, kira mana. Ba sa daɗewa a waje."

"Ɗan fari ne," na ce mata.

Ta dube ni. "To, sai me?"

Na buɗe baki in yi mata bayani, sai na ji babu bayanin da zan yi a gindin wannan katanga da ba zai zama shirme ba. Ta ce in ba zan iya ba in gaya mata sunan ta kira mini. Na ce a'a. Na ce ni na haife shi, in za a kira shi yau ni zan kira.

Sunan yana cikin bakina shekara da shekaru, ban taɓa barinsa ya fito ba, ko ina ni kaɗai a ɗaki. Da na faɗa na farko, ko mai kifi da ke kusa ba ta ji ba. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na sake, ya fito a karkace, murya tana rawa kamar ba tawa ba. Daga nan kuma ban san lokacin da na saki maƙogwaro ba. Na kira shi da duk ƙarfina, na kira, na kira, har jijiyar wuyana ta yi zafi, har matan da ke gefe suka yi shiru suka bar mini fili. Sunan kawai nake faɗa. Suna ne da rabin yaran Musulmin garin nan suke amsawa, amma ban haɗa da na ubansa ba, don an ce kada a faɗi gidan, ga masu kaki a tsaye suna ji, kuma shi ma sunan miji ban saba kamawa ba. Ban ce Yayarka ce ba. Bai ma zo mini ba. Na ga sauran matan babu wadda take gabatar da kanta, na ɗauka uwa in ta kira ɗanta ai ya san ita ce.

Ba wanda ya amsa. Muka ji ana kora su ciki, filin ya yi tsit. Na je ƙofar duk da haka, na kwance famfon na nuna wa mai tsaron. Na ce ya riƙe abincin ya ci, wannan kawai ya shiga da shi ya tambaya wa ke da ciwon ƙirji. Ya ce, "Hajiya, bai amsa ba, ba ya nan. Matsa." Na ce masa shi ma wata ce ta haife shi. Ya gyara bindigarsa, mai kifi ta ja ni. A mota ta ce mini wuraren da ake tsare yara suna da yawa, kada in karaya, amma waɗanda nasu bai amsa ba yawanci suna fara duba asibiti. Ba ta ce wane ɓangaren asibiti ba, na dai gane.

Da na dawo muryata ta dishe, ba yadda zan ɓoye. Na gaya wa Alhaji inda na je. Ya fara faɗa, wai zan jawo mana, wai me manya za su ce, sai ya tsaya a tsakiyar magana ya ce, "Ya amsa?" Na ce a'a. Ya zauna a ƙasa ya cire hula. Ban taɓa ganin kansa ba hula a tsakar gida da rana ba. Ya ce gobe za mu je ɗakin ajiye gawa, ni da shi, manya su faɗi abin da za su faɗa.

Muka je. Muka tarar da layi har titi, kowa da ƙyalle a hanci. Ba mu samu shiga ba sai da rana ta take tsaka. Wurin ya cika ya batse, an jera wasu a ƙasa, an rufe su da zannuwa da tsofaffin tabarmi. Alhaji ya sunkuya zai ɗaga zanen na farko, ya kasa, sai na ce ya matsa. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya. Yara ne, wasu ko gemu bai fito musu ba, wani da takalmin ƙwallo a ƙafa ɗaya. Ba mu fito ba sai bayan la'asar. Ba ya cikinsu. A hanyar gida har na ji yunwa, abin da rabona da ji tun ranar da ya fita.

Kashegari na koma katangar da famfona. Tun daga nesa na ga ba a kira. Mata suna zaune a ƙasa, wasu sun kifa kai a gwiwa, babbar ƙofar a buɗe, ga sawun manyan motoci a yashi. Mai kifi ta ce tun da sassafe aka loda su aka yi arewa da su, can cikin hamada, inda ba a zuwa gaisuwa. Na tausaya mata, har na rarrashe ta. Ni a ganina nawa ba ya cikinsu, tunda na kira bai amsa ba.

Watanni suka shuɗe. Kanar ɗin manya bai taɓa aiko da ko kalma ba, su kuwa manyan in sun haɗu da Alhaji a masallaci sai su ce ana nan ana ƙoƙari. Shago bai rufe ba ko na yini. Rediyo ya ce komai ya lafa. Wasu maƙwabta suka rage shigowa, wata har ta ce a gabana ai yaran ne suka ja wa kansu, na ce ta tashi ta bar mini gida, kuma har yau ba ma gaisawa. Ban san ko dabara ce mutum ya fita da usur ya tari bindiga ba. Abin da na sani, abin da suka nema ba haram ba ne, kuma ba su saci na kowa ba. Na bi duk inda aka ce ana tsare mutane, na bi bakin kogi inda masunta suke cewa sun ga abin da suka gani. Sunan da na yi shekaru ina ɓoyewa ya zama ruwan sha a bakina, ina faɗa wa duk mai kakin da ya tsaya ya saurare ni. Famfon yana ƙulle a lafayata duk inda na je.

Wata rana da yamma aka yi sallama a zaure. Dogon nan ne ɗan Kabalai, an sako su. Da ƙyar na gane shi, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, yana jan ƙafa ɗaya. Ya ce Baba yake nema. Na ce duk abin da zai gaya wa Baba ya faɗa a gabana, na zauna a bakin zaure, abin da ban taɓa yi ba in da baƙo namiji. Ya ce tare aka kama su shi da ɗana, tare aka tsare su a wani gida, tare aka loda su a mota ɗaya. An cusa su kamar buhuna, an rufe da tamfol, ga rana, ba ruwa. Ƙirjin ya tashi tun ba su yi nisa ba. Suka cire riguna suna yi masa fifita, suka ɗaga shi sama kusa da wata 'yar ɓula a tamfol, suka yi ta dukan jikin motar, ba wanda ya tsaya. Kafin su isa ya cika. Da aka tsaya aka sauke shi da wasu a gefen hanya. Ya ce bai san wurin ba, ko'ina yashi ne iri ɗaya.

Alhaji ya yi salati ya riƙe bango. Aka yi wa ɗana sallah ba gawa, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, manyan kasuwa suka zo sahun gaba suna cewa Allah ya sa ya huta. A cikin gida goggonsa tana suma ana yayyafa mata ruwa. Ni idona ya bushe ƙam, ba don alkunya ba, kukan ne ya ƙi zuwa. Tsofaffi suka sake samun abin yabo. Na bar su suna yi, ba ni da ƙarfin faɗa.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai. Yaron ya ce daga wani gida aka loda su, bai ce wanne ba, kuma duk zaman makokin in na dube shi sai ya kau da ido. Ranar da aka tashi daga zaman ya zo yi mini sallama, na tare shi a bakin madafa.

"Ɗana, gidan da aka tsare ku kafin a tafi da ku, mai kwalabe a kan katanga ne?"

"Shi ne, Mama."

"Kuna jin mata in suna kira?"

"Muna ji."

"Na je. Na kira shi."

Ya dubi ƙasa. Ya ce in bar maganar, ta wuce. Na ce ba ta wuce ba, kuma ba zai fita gidan nan ba sai ya faɗa mini. Sai ya ce:

"Ya ji, Mama. Muna zaune tare a rana. Ya ɗaga kai ya kama hannuna, ya ce muryar nan kamar ta Yayata. Na ce to amsa mana. Ya ce a'a, Yayata ba ta faɗin sunana, tunda aka haife ni ban taɓa ji a bakinta ba, wannan uwar wani ce. Masu sunan suna da yawa a wurin. Kuma in ka amsa aka ga ba naka ba ne, dukan da za a yi maka ya fi na kullum, shi kuwa ƙirjinsa ya riga ya fara. Sai ya yi shiru yana saurare har kika daina."

Na ce shi ke nan abin da ya faɗa?

"Da aka mayar da mu ciki ya kasa zama. Ya ce in ta dawo gobe ta sake kira zan amsa, ko za su karya ni. Washegari tun da aka fito da mu ya je ya zauna a gindin katangar, ya manna kunne. Na ce ya dawo inuwa, ya ƙi. Mata suka yi ta kira, yana nan zaune, har aka kora mu ciki."

Ni na san inda nake a wannan tsakar ranar. Ina can ina ɗaga zane daga fuskokin 'ya'yan mutane, famfon yana ƙulle a jikina, duk wanda na buɗe na ga ba shi ba ne sai in gode wa Allah.